Amsoshin Takardunku: Wa Ke Kama Masani Idan Ya Yi Sata Ko Ƙarya?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Funtuwa, yana cewa kullum yana jin ana "bincike ya nuna", to idan mai binciken ya saci aikin wani ko ya shara ƙarya, wa zai kama shi?

To Malam, ga yadda abin yake. Masani idan ya gama bincike, sai ya aika wa mujallar masana. Edita ba ya bugawa nan take. Sai ya miƙa wa wasu masana biyu ko uku su tantance, kamar yadda mai sayen hatsi ke soka hannu can cikin buhu. Yanzu har kwamfuta ake sa wa ta gwada rubutun da miliyoyin rubuce-rubucen da suka gabata, jimlar da aka kwafo sai ta fito fili. Tun 1997 ma editoci suka kafa ƙungiya a Ingila mai suna COPE don irin waɗannan ƙararraki.

Idan an riga an buga kafin asiri ya tonu, sai mujallar ta yi shelar janye aikin. Ba a goge shi, tambari ake buga masa kowa ya gani.

Amma fa a ganina suna da nawa. A 1998 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga aikin wani likita, Andrew Wakefield, wanda ya duba yara 12 kacal, ya jefa zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum tana da alaƙa da cutar galahanga. Iyaye suka tsorata, yaran da ake yi wa allurar a Ingila suka ragu daga wajen kashi 92 cikin ɗari zuwa kashi 80, ƙyanda ta dawo. Ba masana ne suka bankaɗo shi ba, ɗan jarida ne, Brian Deer, wanda a 2004 ya gano cewa lauyoyin da ke shirin kai masu yin allurar ƙara suna biyan likitan kuɗi. Duk da haka sai a 2010 mujallar ta janye aikin gaba ɗaya, hukumar likitocin ƙasar kuma ta soke sunansa. Binciken da aka yi daga baya a kan dubban ɗaruruwan yara bai samu wannan alaƙa ba.

Malam, da fatan ka gamsu. A gaida mutanen Funtuwa.