Lanƙwasa Tagulla Mai Kaurin Takarda: Wane Kayan Aiki Ya Kamata Mu Saya?



Sa'ad da aka ce mu zo mu yi magana a kan kayan lanƙwasa ɗan guntun ƙarfen da wani lokaci bai kai ƙwayar shinkafa ba, wani abokinmu ya yi dariya, ya ce ashe jami'a ta koma maƙera. Ba mu ji haushi ba. Da yawa daga cikinmu mun taɓa zama a gindin bishiya muna feƙe karan dawa muna haɗa mota, ko muna yanka gwangwanin madara don mu yi mata ƙofa. Abin da za mu tattauna yau ƙanen wancan ne, sai dai shi da ma'auni yake tafiya, ba ya yarda da "kusan haka".

Ga waɗanda ba su saba ba, sana'ar ita ce haɗa ƙaramin samfurin jirgi ko mota ko tankar yaƙi, yadda kowane sashe nasa zai zama an rage shi da adadi guda. In an ce 1/72, ana nufin santimita 72 na abin gaske sun koma santimita 1. Jirgin saman nan na Ingila, Spitfire, wanda faɗin fikafikansa ya ɗan wuce mita 11, yakan koma kamar santimita 15 da rabi a wannan ma'auni. Kamfanin Airfix na Ingila ya yaɗa 1/72 tun cikin shekarun 1950, Tamiya na Japan kuwa shi ya sa 1/35 ya zama ma'aunin da aka fi yin tankoki da shi. Jiragen ruwa kuma an fi yinsu a 1/350 da 1/700. Titanic, mai tsawon mita 269, ba ya wuce santimita 77 a 1/350.

To, yawancin sassan waɗannan samfura da roba ake zuba su, roba kuwa tana da iyakar sirantakar da za ta iya yi. Ku yi lissafi tare da mu. In murfin tayar tanka ya fito da kaurin milimita 1 a ma'aunin 1/35, ma'anarsa a gaske kaurinsa milimita 35 ke nan, watau an mai da falle ya zama sulke. Shingen ƙarfe na gefen jirgin ruwa mai tsayin mita 1 kuwa, a 1/700 bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Roba ba za ta iya wannan ba. Nan ne fallen tagulla ya shigo.

Yadda ake yin sa abin sha'awa ne, kuma 'yan'uwanmu na sashen injiniyan lantarki za su gane shi nan take, domin hanya ɗaya ce da ta yin allon da ake dasa kayan rediyo a kai. Ana ɗaukar fallen ƙarfe, galibi mai kaurin milimita 0.1 zuwa 0.3, a shafe shi da wani magani mai jin haske, a ɗora zanen sassan a kansa, a haska. Inda zanen ya ce a bari, maganin yakan zauna ya kare ƙarfen. Sauran wurin kuma ruwan sinadari, wanda sau da yawa ferik kulorayid ne, ya cinye shi. Abin da ke saura shi ne sassa a shimfiɗe, raga da tsani da ɗamarar matuƙi da shinge, kowanne yana rataye a jikin firam da ɗan siririn wuya. Masu haɗa samfurin jirgin ƙasa a Ingila sun daɗe suna aiki da irin wannan tagulla, kuma kamfanin Eduard na ƙasar Cek, wanda aka kafa a 1989, yana cikin waɗanda suka yi suna da ita.

Amma ku lura, a shimfiɗe muka ce. Akwati yakan zo a buɗe kamar kwalin da aka warware, mai haɗawa ne zai tayar da shi. Inda za a lanƙwasa, akan bar ruwan ya ci rabin kaurin ƙarfen kawai, sai ya bar ɗan kwari. A bisa al'ada kwarin nan yakan kasance a cikin kusurwa in lanƙwasar ta tsaye ce, in kuwa za a ninke ƙarfen ne gaba ɗaya ya kwanta a kan kansa, to kwarin yakan koma waje. A duba takardar bayani kafin a taɓa kome.

Ga inda maganar take. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to ita tagullar nan ɗanyenta na sau ɗaya ne. Duk lokacin da aka lanƙwasa ƙarfe, wurin da ya lanƙwasu yakan ƙara tauri ya rage haƙuri, ga shi kuma rabin kaurinsa ne ya saura a cikin kwarin. In ka yi kuskure ka mayar, kana iya tsira sau ɗaya. A karo na biyu ko na uku sai ka ga sashen ya rabu biyu a hannunka. Ba a kuwa sayar da madadin sashe guda. Fallen gaba ɗaya za ka sake saya, daga ƙasar waje, da kuɗin da wani lokaci ya kai na samfurin kansa ko ya fi, sa'an nan ka zauna jiran gidan waya. Ɗalibin da ke ƙirga kuɗin abinci ya san abin da muke nufi.

Mu kanmu mun sha wannan. Shingen jirgin ruwa na farko da muka taɓa, da filayar gyaran keke muka kama shi. Haƙoran filayar suka zauna a jikin tagullar ɗaya bayan ɗaya, layin ya karkace, muka ce bari mu miƙe shi, ya karye. Wata biyu muka yi muna jiran fallen nan, cikin minti biyar muka gama da shi. Daga ranar muka daina tambayar wane kayan aiki ne ya fi kyau, muka koma tambayar sashen da ke gabanmu: tsawon layin lanƙwasarsa nawa ne, wane irin ƙarfe ne, kuma kusurwa ake so ko zagaye?

Mu fara da tsawon layi, domin shi ne babban alƙali. Ƙa'idar guda ce: duk abin da zai riƙe ƙarfen, wajibi ne ya riƙe shi daga farkon layin har ƙarshensa, kuma duk abin da zai ɗaga ɗaya ɓangaren ya ɗaga shi gaba ɗaya a lokaci guda. In mariƙin ya fi layin gajarta, gefen da ba a riƙe ba zai biyo baya a makare, sai a sami murɗiya maimakon kusurwa.

Ga ƙananan sassa, masu layin milimita 2 ko 3, hantsaki mai faffaɗan baki ya isa. Mai tsinin baki kuwa a ajiye shi don ɗauka da ajiyewa. In aka matsa da shi, sashen yakan yi tsalle ya ɓace, kuma wanda ya taɓa rarrafe a ɗakin kwanan ɗalibai yana neman abin da bai kai ƙwayar gero ba, ba zai so ya maimaita ba. Sama da wannan, har zuwa kamar santimita 1 ko 2, sai filaya mai shafaffen baki, marar haƙori ko ɗaya. Tamiya na sayar da wadda aka yi musamman don wannan aiki, amma ta masu gyaran agogo da masu ƙera 'yan kunne ma tana yi. Kafin ku biya kuɗi, ku rufe bakinta ku ɗaga ta wajen haske. In kun hangi haske ta tsakani, ku mayar wa mai kaya abinsa, domin ba za ta riƙe falle mai kaurin takarda daidai ba. Ku kuma duba gefen bakin: in a dulmuye yake, kusurwarku ma a dulmuye za ta fito.

In layin ya yi tsawo, to ga hanyar da muke so kowa ya fara koya kafin ya sayi wani abu. A sami wuri mai tauri mai santsi, guntun gilashi mai kauri ko tayil. A kwantar da sashen, a danne shi da rula ta ƙarfe, bakinta a kan kwarin daidai. A zura reza a ƙarƙashin ɓangaren da ya leƙo, a ɗaga ta a hankali har ta tsaya. Shi ke nan. Reza mai baki ɗaya ta fi. In mai baki biyu ce kaɗai ke akwai, a naɗe ɗaya bakin da salatif, don yatsa ya fi tagulla tsada. Rauninta guda ne, rular takan zame, musamman in hannu ya gaji ko ya yi gumi. Ɗan salatif a kan sashen yakan rage wannan.

Zamewar nan ce ta haifar da na'urar da aka fi tallatawa, wadda yawancin masu tambaya suke nufi in sun ce "kayan lanƙwasa". Faranti ne na ƙarfe, da wani a samansa wanda ake ɗaurewa da noti. Gefen na saman guda dogo ne miƙaƙƙe, ɗaya gefen kuma an yanka shi yatsu-yatsu masu faɗi daban-daban. Hold and Fold na kamfanin The Small Shop da Etch Mate na Mission Models, dukansu daga Amurka, suna cikin sanannu, akwai kuma kwaikwayonsu da yawa. A gaskiya rula ce da ba ta zamewa, kuma tana sakar maka hannu biyu. Amfanin yatsun kuwa sai wajen akwati ake ganinsa: bayan ka tayar da gefe biyu, rula ba za ta ƙara shiga ba, amma yatsa mai faɗin da ya dace zai shiga tsakaninsu ya danne, ka tayar da sauran.

Shin a saye ta? Ra'ayinmu shi ne, wanda ke haɗa jiragen sama, wanda yawan aikinsa ɗamarar matuƙi ce da 'yan ƙananan abubuwan cikin ɗakin tuƙi, zai iya shekaru bai bukace ta ba. Wanda ya nufi jiragen ruwa ko tankoki, inda akwatuna da dogayen murafu suka yi yawa, zai ga ta biya kuɗinta tun a samfuri na biyu. In za a saya kuma, a auna sashe mafi tsawo da ake sa ran lanƙwasawa, a sayi wadda ta ɗan fi shi. Babbar ba ta fi ƙaramar kyau ba, ta dai fi ta tsada da cin wuri a tebur. Mai araha ma ba laifi, muddin farantan biyu suna haɗuwa ba rata. Gwajin haske ɗin nan na filaya yana aiki a nan. Mun ga wadda ke riƙe tsakiya ta saki gefe, wannan kuwa rula ta fi ta.

Sai nau'in ƙarfe. Tagulla, wadda haɗin jan ƙarfe da tutiya ce, tana da biyayya, inda aka ajiye ta nan take zama. Ƙarfe marar tsatsa kuwa yana da taurin kai, yakan ɗan koma baya in an sake shi, saboda haka sai an ɗan zarce kusurwar da ake so. Shi ne ya fi bukatar riƙo mai ƙarfi, kuma yana dakushe wuƙa da sauri.

Duk abin da muka faɗa na kusurwa ne. Zagaye kuwa wani babi ne, kuma na'urar nan mai yatsu ba ta da abin cewa a ciki. Abin da ake bukata sanda ce mai santsi: allura, ƙusa, gindin bakin diril, jikin biro, kowane zagaye da tasa. A kwantar da sashen a kan abu mai ɗan taushi, kamar guntun robar tayar ciki, a mirgina sandar a kansa ana dannawa, zai riƙa naɗuwa da kansa. A zaɓi sanda wadda ta ɗan fi zagayen da ake so ƙanƙanta, saboda komawar da ƙarfe ke yi. In tagullar ta ƙi, sai a yi mata abin da maƙeran fari na Kano da masu aikin tagulla na Bida suka sani tun kaka da kakanni, a gasa ta. A riƙe ta da hantsaki a kan harshen wuta har ta sauya launi ta fara ja, a bar ta ta huce, za ta yi laushi. Amma a kiyaye: raga da siraran sassa sukan narke ko su yamutse cikin ƙiftawar ido, sassan da suka zo da fenti daga kamfani wuta za ta cinye fentin, kuma abin da ake so ya tsaya a miƙe, kamar shinge, gashi zai mai da shi lagwani.

Akwai abu biyu da ba a lissafa su cikin kayan lanƙwasa, alhali lanƙwasa ba ta kyau sai da su. Na farko abin yanka. A cire sashe daga firam a kan gilashi ko tayil, da wuƙa mai lanƙwasasshen baki, ana dannawa ba ana ja ba. In aka yanka a kan abu mai taushi, sashen zai lotsa tun ba a fara ba. Ɗan tsinin da ya saura a goge shi da ƙaramin magagari, domin in ya shiga ƙarƙashin rula zai ɗaga ta. Na biyu haske da gilashin ƙara girma. Kwarin da ba ka gani sosai ba, ba za ka daidaita shi da bakin rula ba, ko da na'urarka ta fi ta kowa tsada. Lokacin hunturu kuma a share tebur kafin a fara, don ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin falle takan bar tabo.

Game da koyo, kada wanda ya fara da sashen da yake bukata. Bakin firam ɗin da za a zubar ƙarfe ɗaya ne da sassan, a gwada hannu a kansa. Gwangwanin lemo da aka yanka da almakashi ma yana koyar da riƙo. In akwatin mai gefe da yawa ne, a zana shi a takarda da girma, a ninke, a ga wane gefe ne in ya tashi zai tare wa sauran hanya.

A teburin da ke bayan ɗakin nan mun ajiye gilashi, rula, reza, filaya biyu, ɗaya mai haƙori ɗaya shafaffiya, da na'ura mai yatsu wadda muka aro, tare da gwangwanayen da muka riga muka yanka. Wanda ke so ya zo ya lanƙwasa guda da kowanne, ya kwatanta da idonsa. Rezar sabuwa ce, a yi hankali da ita.