Amsoshin Wasiƙunku: Wai Akwai Injin Da Ke Share Ɗaki Shi Kaɗai?

 Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a ƙasar Funtuwa, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce ƙanensa da ke aiki a Jidda ya ba shi labarin wani inji mai share ɗaki ba tare da hannun mutum ba, har ya ce in ya aika kuɗi zai sayo masa. Da ya kai maganar majalisa sai gardama ta kaure, wasu suka ce tatsuniya ce. Shi kuwa abin da ya dame shi, uwargidansa ba ta gama shara sai tari ya sarƙe ta, musamman da hunturu. Shin abin gaskiya ne, kuma ya sayar da masara ya saya?

To Malam, ka gaya wa mutanen majalisa ƙanenka bai yi ƙarya ba. Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Electrolux ne ya fara sa irinsa a kasuwa a 2001. A 2002 kuma kamfanin iRobot na Amurka ya fito da nasa mai suna Roomba a kan kimanin dala 200, shi ne ya yi suna a duniya. Yanzu kamfanonin ƙasar Sin, irin su Roborock da Ecovacs, sun shiga sana'ar da ƙarfinsu, kuma akwai masu tsadar da suka haura dala 1,000.

Kamanninsa kamar faifai ne mai kauri. Faɗinsa ya ɗan wuce ƙafa ɗaya, tsayinsa bai kai inci 4 ba, don ya iya shiga ƙarƙashin gado. Yana tafiya a kan 'yan tayoyi, da batir a cikinsa. Akwai ɗan buroshi a gefe mai kakkaɓo dattin gindin bango, akwai wani a ƙasa mai juyawa, sai fanka da ke zuƙe ƙurar ta zuba a wani ɗan akwati. In ya bugi ƙafar kujera sai ya juya. In ya zo bakin matakala, akwai wani ido a ƙasansa da ke gane babu daɓe a gaba, sai ya ja da baya. Na farko-farko yawo kawai suke yi barkatai har su gama ɗaki, amma na baya-bayan nan suna auna ɗakin da haske su riƙe taswirarsa. Batir ya yi ƙasa, shi da kansa zai koma wurin cajinsa ya lafe, kamar kaza ta shiga akurki.

Sai dai fa, Malam, a nan gizo ke saƙar. An ƙera shi ne don gidajen da daɓensu tayil ne ko katako ko kafet, shafal babu rami, tagogi kuma a rufe da gilashi. Ba ka faɗa mana irin daɓen ɗakinka ba. In na ƙasa ne, to kada ma ka fara, don injin bai san bambancin datti da daɓe ba, zai yi ta cin ƙasa har ya shaƙe. In siminti ne da ya farfashe, tayarsa za ta riƙa maƙalewa. Dokin ƙofar da ya kai inci biyu, akasarinsu ba sa iya haye shi, ke nan sai an ɗauke shi daga ɗaki zuwa ɗaki. Gezar tabarma da igiya da bakin leda duk suna naɗe masa buroshi. Tsakar gida kuwa, inda sharar gaske take, da kara da tsakuwa da ɓawon gyaɗa, ba wurinsa ba ne sam. Kashin kaji in ya taka, shafe ɗakin zai yi da shi kaf, wannan ko Turawa masu karnuka a ɗaki suna kuka da shi. Akwatin dattin nasa bai kai lita ɗaya ba, ka ga da ƙurar hunturu sai a wuni ana zubarwa.

Ga kuma maganar wuta. Aikin awa ɗaya ko biyu, caji na awa biyu zuwa uku ko fiye. Batir da buroshi da rariyar tace ƙura duk suna ƙarewa, in sun ƙare ka tambayi kanka wane mai gyara ne a kasuwarku zai samo maka su.

Akwai wani abu da ya kamata mai iyali ya sani. Wasu daga cikinsu suna da kyamara, suna kuma haɗe da intanet. A 2022 wata mujallar kimiyya ta Amurka ta fallasa cewa hotunan cikin gidajen mutane da injinan gwaji suka ɗauka sun fita waje, har da na wata mata a bayan gida. Duk mai niyyar saye, ya tambaya tukuna ko yana da kyamara.

Shawararmu, bar masararka a rumbu. Tarin uwargida shi ne abin dubawa, ka kai ta asibiti a auna ƙirjinta, don yana iya zama asma, kuma akwai magani. Kafin nan, a riƙa yayyafa ruwa kafin shara, a buɗe ƙofa da taga, ta ɗaura ƙyalle a hanci, ko ma yara su karɓe ta har hunturu ya wuce. In akwai rarar kuɗi, a yi wa ɗakinta daɓen siminti mai kyau, a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ƙura ba za ta tashi ba.

A gai da mutanen majalisa, Allah ya ba uwargida lafiya. Sai wasiƙa ta gaba.