SA'AD DA YARO MAI CIWON SUKARI YA ZAMA BABBA

Jawabi ga taron dattawa, iyaye da zumuntar mata



Maganarmu ta yau a kan 'ya'yanmu ce da suke girma da ciwon da ba ya barin mutum, irin wanda ke zuwa idan jiki ya kasa samar da wani sinadari da yake bukata. Wanda muka fi sani shi ne ciwon sukari na yara, inda jiki ya daina yin insulin. A watan Janairu 1922, a Toronto ta ƙasar Kanada, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar insulin. Kafin nan ciwon kisa yake yi. Yau, godiya ga Allah, ana tsufa da shi.

Amma akwai gaɓa mai hatsari. Yaro yana ƙarami, uwa ce ke riƙe da allura, ita ke tuna ranar ganin likita. Da ya girma, sai a mai da shi asibitin manya, inda ba mai binsa idan bai zo ba. A lokacin ne kuma yake tafiya makarantar kwana, jami'a ko bautar ƙasa. Balaga kuwa tana sa jiki ya ƙara bukatar insulin, ga kunyar abokai. A nan ne matasa da yawa sukan yi sake.

Shi ya sa likitoci suka shirya koyarwa, har ta intanet. Asibitin yara na Southampton a Ingila yana da shirin Ready Steady Go, wanda ke fara horar da yaro tun yana wajen shekara 11. Ƙungiyar Life for a Child ita ma tana da darussa kyauta. Ta waya, matashi yana koyon auna sukarinsa da ƙidaya abincinsa. Yana koyon cewa idan awo ya sauka ƙasa da 70, ya sha abu mai zaƙi nan take, idan kuma amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama suka zo, sai asibiti ba jinkiri.

To, mene ne namu a ikilisiya?

Na ɗaya, iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku bar yaro ya amsa wa likita da bakinsa, ya san sunan maganinsa da yawansa.

Na biyu, dattawa, ba kowane gida ke da babbar waya ko kuɗin data ba, darussan kuma yawanci da Turanci suke. Mu taimaka daga baiko, mu roƙi ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su tantance darussan, su fassara. Intanet cike take da masu tallar maganin ƙarya, waya kuma ba ta zama likita.

Na uku, kada kowa ya ce wa yaro ya ajiye allura don nuna bangaskiya, ko ya shiga azumi ba da shawarar likita ba. Barin insulin yana iya kashewa cikin 'yan kwanaki. Luka, abokin aikin Manzo Bulus, ai likita ne. Mu yi addu'a, mu kuma riƙe magani.

Ubangiji ya ba mu hikimar miƙa wa 'ya'yanmu wannan kaya da sannu, har su iya ɗauka da kansu. Amin.