Ƙagaggen Labari a Matsayin Shaida



Kowa ya san abin da rikicin Fabrairun 2000 ya yi wa Kaduna. An rasa rayuka fiye da 1,000, jama'a suka yi ta ƙaura, akasarin Musulmi suka tattaru arewa da kogi, Kiristoci kuma kudu. Kwamitin bincike yakan ƙirga mamata, ya ƙiyasta hasara, amma ba ya faɗin yadda uwa ta kwana tana jiran ɗanta, ko wanda ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗaka. Wannan aikin marubuci ne.

Tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna ta'asar cinikin bayi cikin Shaihu Umar, ta hanyar uwa guda mai neman ɗanta da aka sace. Bayan kisan ƙare dangi na Ruwanda a 1994, Boubacar Boris Diop na Senegal ya rubuta Murambi, a kan makarantar da aka hallaka dubban 'yan Tutsi da suka fake a cikinta. A 2015 Abubakar Adam Ibrahim ya kawo mana Fa'iza, wadda aka kashe mahaifinta da yayanta a gabanta a rikicin Jos, cikin Season of Crimson Blossoms.

Jama'a, mu da muka zauna aji ɗaya, Musulmi da Kirista, mu ne shaidun tsohuwar Kaduna. Yaranmu ba su gan ta ba. Mu rubuta musu ita, daɗinta da ɗacinta, tun muna raye.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.