GARDAMAR MASU KALLO DA LADUBBANTA



Ya ku 'yan'uwa, abin da za mu tattauna a yau shi ne gardamar da ake tafkawa a majalisu da teburan mai shayi a kan finafinai da wasannin talabijin. Wani zai ce batun bai kai a yi masa zama ba, alhali mun sha ganin abokai sun daina gaisawa saboda jarumin da bai ma san da zamansu a duniya ba.

Malaman ladubban bahasi da munazara sun shimfiɗa ƙa'ida, cewa kafin a fara jayayya sai an tsayar da ainihin wurin saɓani, sannan mai ɗauko labari ya inganta shi, mai da'awa kuma ya kawo dalili. Idan muka auna hirarmu da wannan ma'auni, za mu iske ta kashi uku.

Kashi na farko shi ne na ɗanɗano. Dattijon da ya kalli Sholay na 1975 a silimar Kano zai rantse cewa ba a sake yin kamar Amitabh Bachchan ba. Wanda ya tashi da Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, ko wasannin marigayi Ƙasimu Yero, zai ce raha ta ƙare daga kansu, matashi kuma ya ce shi Labarina ya sani. Wannan duk son rai ne, ba ya karɓar dalili, domin abincin wani gubar wani. Sau da yawa ma dattijon ƙuruciyarsa yake kewa, fim ɗin sanadi ne kawai. A nan kowa ya faɗi nasa, a yi dariya, a tashi.

Kashi na biyu shi ne na da'awa, kuma a nan ake bukatar ilimi. Misali, wani zai ce fim ɗin Hausa kacokan kwaikwayon Indiya ne. Sai mu tambaye shi: wane fim, kuma na wace shekara? Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarninsa a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa aka ɗauko shi. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a Kano a 1990, daga al'adar wasan kwaikwayo ta gida ya tsiro. Amma kuma wanda ya ce babu tasirin Indiya sam, shi ma ya kauce, domin bayan Sangaya na 1999 rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa sun mamaye kasuwa, har wasu labaran aka riƙa ɗauko su sukutum daga can. Ke nan kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya, kuma shekarun ne ke raba gardamar. Muhawarar da ta biyo baya ba ta tsaya a bakin titi ba, domin a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano.

Kashi na uku shi ne mafi hatsari, wato inda hira ke tashi daga kan aiki ta koma kan mutum. An fara da cewa wance ba ta iya fitowa a matsayin uwar gida ba, kafin shayi ya huce an shiga zancen aurenta da mutuncin iyayenta. Lokacin da aka canja 'yar wasan da ke fitowa a matsayin Sumayya a Labarina, masu kallo suna da damar cewa ta farko ta fi, ko ta biyu ta fi. Abin da ba su da dama a kai shi ne ƙirƙiro dalilan da ba su gani ba, su yaɗa su a Facebook. Wanda ya fito a matsayin mugu a wasa ba a hukunta shi da laifin da marubuci ya rubuta masa. Idan akwai abin ƙi a cikin shiri, a ambaci fitowar, a bayyana aibinta da illarta ga yara, wannan nasiha ce. Taɓa mutuncin mai wasan kuwa giba ce idan gaskiya aka faɗa, ƙage ne idan ƙarya ce, kuma shahararsa ba ta halatta namansa ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa, duk sa'ad da gardama ta kaure, mutum ya tambayi kansa a wane kashi yake. Idan ɗanɗano ne ya sassauta, idan da'awa ce ya kawo suna da shekara, idan kuwa mutuncin wani ne ya kame bakinsa. Kuma a dubi agogo, kada musu a kan shirin da zai ƙare a mako mai zuwa ya cinye lokacin salla ko ya raba zumuncin shekara ashirin.

Allah Ya tsare harsunanmu, Ya sa mu gane gaskiya mu bi ta.