Jawabin Kwamitin Wasanni a Kan Kafa Ƙaramin Rukuni a Gasar Ƙwallon Waya

Iyayenmu dattawa, malamanmu, shugaban ƙungiya, iyaye mata da 'yan'uwa matasa, muna godiya da aka ba mu wannan fili, kuma ba za mu cinye muku lokaci ba.

Ga waɗanda ba su san abin da ake ciki ba, musamman iyayenmu da ke ganin yara sun duƙufa a kan waya suna ihu, ƙwallon ƙafa ne ake bugawa ta intanet. Wasan na kamfanin Konami ne na ƙasar Japan, da can ana kiran sa PES, a 2021 aka canza masa suna zuwa eFootball, aka kuma mai da shi kyauta, shi ya sa kowane yaro mai waya ya same shi. Samarinmu na Sabo su goma sha shida suka haɗa gasa a kai, kowa ya kara da kowa sau biyu, watau wasa 30 ga mutum ɗaya, 240 ke nan gaba ɗaya. Akwai ɗan canji a ciki, akwai ɗan acaɓa, akwai wanda ya koma Agege da wanda ke karatu a Kano, duk ana bugawa da su ba tare da sun hau mota ba.

To, matsalar ita ce ƙofa a rufe take. Waɗanda suka fara su ne dai har yau, wanda ya zo na ƙarshe bana shi ne zai sake dawowa baɗi, alhali kuwa ƙannenmu da yawa suna tsaye a baya suna leƙe, wasunsu ma sun fi mu iyawa. Da muka ƙi buɗe musu, sai suka tafi inda za a karɓe su, watau shagunan gem inda ake ajiye kuɗi a tebur kafin a fara. Wata uwa ta tare mu a kan hanya ta ce kuɗin cefane ya fara ɓacewa a ɗakinta. Ba mu da amsar da za mu ba ta, domin laifin da namu a ciki.

Saboda haka muka zauna a kan kafa ƙaramin rukuni, sai muka tarar hanya biyu ce, kuma mun yi gardama sosai a kai.

Ta farko ita ce ta Amurka. A wasansu na bezbol manyan ƙungiyoyi 30 ne, kuma tun 2021 kowace tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu a ƙarƙashinta, 120 ke nan. Ƙaramar ƙungiya ba ta hawa ko da ta lashe komai, ɗan wasa ne kawai uwar ƙungiya ke kira sama idan ta ga dama. Wasu daga cikinmu sun so wannan, wai kowane babba ya ɗauki yaro ɗaya ya rene shi. Maganar tana da daɗin ji, don ta yi kama da yadda muka saba a nan, ubangida da yaronsa. Amma an gwada ta a wasannin intanet an ga ƙarshenta. A gasar League of Legends ta Arewacin Amurka, a 2018 aka daina korar ƙungiyar da ta faɗi, aka wajabta wa kowace babba ta riƙe ƙaramar ƙungiyar horo. A 2023 kamfanin da ke da wasan ya ɗage wannan tilas, nan da nan yawancinsu suka sallami ƙananan. Mu ma mun san halinmu. Wa zai kira yaron da zai ƙwace masa kujera?

Ta biyu ita ce wadda muka sani a ƙwallon Ingila da ta gida, wanda ya faɗi ya sauka, wanda ya ci ya hau. Ba sai mun je nesa ba. Shooting Stars ta nan Ibadan ta faɗi a 2017, sai 2021 ta dawo. Kano Pillars, da duk kofunanta huɗu na gasar ƙasa, ta sauka a 2022 ta dawo a 2023. In Pillars ta sauka duniya ba ta tashi ba, babu wani a zauren nan da ya fi ƙarfin sauka. Wannan muka zaɓa, kuma ku sani biyu daga cikin 'yan kwamitin nan suna ƙasan tebur yanzu haka, da hannunsu suka amince.

Ga yadda muke so a yi. Ƙaramin rukuni zai ɗauki mutum 12, kowa wasa 22, don kada data ta cinye yara. Biyun farko su hau kai tsaye, biyun ƙarshe na babban rukuni su sauko. Na uku a ƙasa zai kara da na 14 a sama, gida da waje, wanda ya ci kujerar tasa ce.

Inda aikin yake shi ne ha'inci, don a intanet ba ka ganin hannun da ke riƙe da waya. Yaya zai iya karɓar wayar ƙaninsa ya lallasa yara har ya kai shi sama. Saboda haka wasanni uku na ƙarshe da na raba gardama, a gaban jama'a za a buga su, wanda ke wani gari kuma a samo amintacce ya zauna kusa da shi. Sa'an nan wasan yana barin mai kuɗi ya sayi manyan 'yan wasa, ɗan mai hali ya zo da zaratan duniya, ɗan mai shayi ya zo da waɗanda aka ba shi kyauta. A ƙaramin rukuni ba mu yarda da wannan ba, ƙungiyoyi masu ƙarfi daidai da juna za a ɗauka. In sabis ya yanke ko caji ya ƙare, a sake wasa da sakamakon da ake kai. Amma wanda sabis ɗinsa ba ya yankewa sai an ci shi biyu, mun san shi, karo na uku a ba abokin karawarsa maki uku. Kowane wasa a tura hoton sakamako a zauren WhatsApp a ranar.

Iyayenmu, mun ji kokenku. Ba a wasa lokacin makaranta, boko ko Islamiyya, ba a yi lokacin salla, kuma ƙarfe goma na dare an rufe. Yaron da bai kai shekara 18 ba sai da yardar mahaifi ko mariƙinsa. Duk wanda aka kama ya sa kuɗi a kan wasa, babba ne ko yaro, ya fita kakar nan gaba ɗaya. Akwai kuma yaran maƙwabtanmu Yarabawa na Mokola da suka nemi shiga. Mu a ganinmu a ba su, tare suke makaranta da namu, amma mun bar wa dattawa su yanke.

Abin da muke roƙon ƙungiya kaɗan ne: aron wannan zaure da janareta a Asabar uku na ƙarshen kaka, da dattijo ɗaya wanda ba shi da ɗa a gasar ya zauna a kwamitin sauraron ƙara, don hukuncinmu kaɗai yaran ba za su karɓa ba. Takardar rajista tana wajen sakatare, a zo da uba ko wakilinsa. In masu so sun wuce 12, za a yi wasan tankaɗe a nan, kowa ya zo da wayarsa cike da caji.