Raunin Laka: Nauyin Da Ya Rataya A Wuyanmu



Kusan kowannenmu ya san gidan da wani matashi yake kwance a garinmu, sakamakon haɗarin mota ko acaɓa, ko faɗowa daga bishiya. Laka ita ce igiyar jijiyoyi da ta ratsa ƙashin baya, tana isar da saƙon ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Idan ta ji rauni, saƙo ya katse, sai abin da ke ƙasa da wurin ya shanye.

Masana sun gano cewa galibin jijiyoyin da ke ƙasa da raunin suna nan da rai, umarni ne ba ya isa gare su. A 2018, a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, Farfesa Grégoire Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch suka dasa wa mutum uku wata na'ura mai zaburar da laka da ɗan lantarki. Bayan watanni na horo, suka taka ƙasa da abin dogarawa. A 2023 kuma, suka haɗa ƙwaƙwalwar Gert-Jan Oskam, ɗan ƙasar Holan, da lakarsa ta hanyar na'ura, har ya hau matakala. Sai dai gwaji ne a kan mutane ƙalilan, kuma bai mayar da laka sabuwa ba.

Jama'a, irin wannan ci gaba ba zai amfani kowa ba sai wanda aka kiyaye jikinsa tun daga ranar farko. A nan namu aikin yake. Kada a naɗe wanda ya yi haɗari a cusa shi bayan mota. A ɗora shi a kan katako, wuya da baya a miƙe. Kada a kai shi wurin maɗori, domin ja da murɗa na iya ƙarasa lakar da ta rage. A nufi asibiti irin na Ƙashi da ke Dala a Kano. In an dawo gida, a riƙa juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, a kula da fitsarinsa, a lazimci gashin ƙashi don kada gaɓoɓi su sandare.

Mu da muke birni, ina roƙon ƙungiya ta buɗe asusun sayen katifu da kekunan guragu, ta kuma ɗauki nauyin horar da direbobin tasharmu dabarun agajin farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.